Keɓaɓɓun Kalmomin Jikin Ƙwari da Girmansu: Darasi Daga Fara

1. Gabatarwa

Ɗalibin ilimin halittu a jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa da Faransanci yake koyon jikin ƙwari, da Faransanci kuma ake yi masa jarrabawa. Amma ranar da ya kammala, aka tura shi aikin gona ko na kiwon lafiya a karkara, da Hausa zai yi wa mutane bayani, da Hausa kuma za su kawo masa labarin abin da suka gani a gonakinsu. Idan manomi ya ce ya ga fara, jami'in yana bukatar ya san ko mai tafiya ƙasa ce ko mai tashi, ko ta soma zuba ƙwai ko da saura, domin kowace amsa da irin matakin da za a ɗauka. Hukumar FAO ta ƙiyasta cewa garken fara mai faɗin murabba'in kilomita 1 yana ɗauke da fara kimanin miliyan 40, kuma abin da yake ci a yini ya kai abincin mutum 35,000. Waɗanda suka ga farin 2004 a ƙasarmu sun san ma'anar wannan lissafi.

Tun da kundin Charte de la Refondation na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi ya ƙara hawa wuyan masu nazarin harshe. Wannan darasi zai ɗauki fara a matsayin misali, ya bi jikinta daga waje zuwa ciki, sa'an nan ya bi girmanta daga ƙwai zuwa balaga, yana auna kalmomin da Hausa take da su da waɗanda ya kamata a ƙirƙira. Abin da darasin yake son tabbatarwa ɗaya ne: kafin a sa wa wani sashe na jikin ƙwaro suna, wajibi ne a dubi ƙwaron a ga aikin da sashen yake yi. Wanda ya buɗe ƙamus ya juya kalmar Faransanci kawai, sau da yawa jikin mutum yake bayyanawa yana zaton na ƙwaro ne.

2. Dabba, ƙwaro da tsutsa

Kalmar invertébrés ba ta da wuyar juyawa: marasa ƙashin baya. Wahalar tana ga sunan da za a jingina ta gare shi. A bakin Bahaushe, dabba ita ce akuya, saniya, raƙumi ko naman daji. Ba wanda zai ga sauro ya ce ga dabba. A kimiyya kuwa sauro dabba ne, tana dabba ce, kuma marasa ƙashin baya sun haura kashi 90 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sani. Dole malami ya faɗa wa ɗalibansa tun darasin farko cewa an faɗaɗa ma'anar kalmar, in ba haka ba za su ji “dabbobi marasa ƙashin baya” su shiga neman wata irin akuya.

Hausa ta kasa ƙananan halittu kashi biyu manya: ƙwari da tsutsotsi. Ƙwaro ya haɗa fara, ƙuda, kyankyaso, kunama, gizo-gizo, kaska da shanshani. Tsutsa ta haɗa duk wani abu mai laushi mai jan ciki. Kada a ɗauki wannan rabo a matsayin gazawar harshe. A 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linné, kashi biyu ya yi wa marasa ƙashin baya, Insecta da Vermes, wato ƙwari da tsutsotsi, kuma cikin ƙwarinsa har da gizo-gizo, kunama da ƙaguwa. Sai a farkon ƙarni na 19 Bafaranshe Lamarck, wanda littafinsa a kan dabbobi marasa ƙashin baya ya fito a 1801, ya ware dangin gizo-gizo da dangin ƙaguwa daga sauran. Ke nan Turawa ma taƙaita ma'anar tsohuwar kalmarsu suka yi bayan sun ƙidaya ƙafafu sun duba jiki.

Mu ma hanyar a buɗe take. Ƙwaro, a faffaɗar ma'anarsa ta yau da kullum, ya yi kusa da abin da ake kira arthropodes, wato masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da ɓawo mai tauri. A ƙarƙashinsa sai a ce ƙwari masu ƙafa 6 ga insectes, masu ƙafa 8 ga dangin gizo-gizo, kunama da kaska, masu ƙafafu barkatai ga shanshani da ƙadandoniya. Wannan ya fi a tilasta wa Bahaushe ya daina kiran kunama ƙwaro, abin da ba zai yiwu ba.

3. Jikin fara daga waje

Mai karatu ya samu fara babba, ko da soyayya ce daga kasuwa, muddin ba a cire mata ƙafafu ba, ya ɗora bisa farar takarda. Abu na farko da zai lura shi ne taurin yana waje, laushin yana ciki. Faransanci na kiran wannan exosquelette, an kuma saba juya shi da “ƙwarangwal na waje”. Fassarar ta dace da aiki ɗaya: tsokoki a jikin wannan tauri suke manne ta ciki, kamar yadda namu suke manne ga ƙashi. Amma shi abin kansa, wanda ake taɓawa, ɓawo ne, an gina shi da wani sinadari mai suna kitin haɗe da furotin, kuma samansa akwai siririn kakin da ke hana ruwan jiki ƙafewa. Saboda haka muna ba da shawarar a riƙe kalmomin biyu: ɓawon jiki idan ana maganar abin, ƙwarangwal na waje idan ana maganar aikinsa na tallafar jiki.

Jikin a jere yake zobe-zobe. Kalmar da ta dace da segment ita ce gaɓa, kamar gaɓar rake ko ta kara. Ɗalibin harshe ya riga ya san gaɓa a ma'anar yankin kalma, kuma hoton ɗaya ne: dogon abu da aka gina da guntaye masu bin juna. Gaɓoɓin sun taru sun ba da sassa uku.

Na farko kai ne, ba gardama. A kansa akwai manyan idanu 2, kowanne haɗin dubban ƙananan idanu ne, don haka “harɗaɗɗen ido” ya dace, bisa ƙirar “harɗaɗɗen suna” da muka sani a nahawu. Akwai kuma ƙananan idanu 3 masu gane haske da duhu kawai. Sai ƴan zarurrukan nan biyu da yara ke kira ƙaho. Ƙaho na tunkuyi ne, eriya kuwa ta rediyo ce. Waɗannan shinshina da taɓawa ne aikinsu, su ne hancin fara. A nan ƙirar kalma za ta taimake mu: ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i suna ba da sunan kayan aiki, kamar buɗe, mabuɗi, mabuɗai. Daga shinshina sai mu samu mashinshini, jam'i mashinshinai. Wanda ya ji kalmar ya san aikin tun kafin a yi masa bayani. A baki kuma akwai muƙamuƙai, sai dai a gargaɗi ɗalibi cewa na fara daga gefe zuwa gefe suke haɗuwa kamar almakashi, ba sama da ƙasa ba irin namu.

Sashe na biyu shi ne thorax, wanda kowa zai ce ƙirji. Ana iya riƙe kalmar, amma da sharaɗi. Ƙirjin mutum gidan huhu ne. Ƙirjin fara gidan tsokokin motsi ne. Gaɓoɓinsa 3, kowace da ƙafa 2, kuma gaɓa ta biyu da ta uku su ke ɗauke da fikafikai, biyu-biyu. Duk wata ƙafa da duk wani fiffike daga ƙirji suke fita. Wanda yake son ganin iyakar ƙirji da sashen da ke bayansa ya dubi zanzaro, wanda siririn ƙugunsa ya sa ake ce wa mai cusa riga cikin wando ya yi zanzaro.

Sashe na uku, abdomen, shi ne mai tarko. Ciki ne, amma a rubuce “cikin fara” na iya nufin wannan sashe, ko abin da ke ƙunshe a jikinta, ko tsakiyar garkenta. Wani zai ce a ɗauki “mara”, to amma da an liƙa mata mahaɗi sai ta zama “marar fara”, kuma tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, mai karatu zai ɗauka ana nufin wadda ba ta da fara. Mafita ita ce a ce sashen ciki. A gaɓarsa ta farko, ƙarƙashin fiffike, akwai wata ƴar fata zagayayya a kowane gefe. Dodon kunnen fara ke nan: kunnenta a sashen ciki yake.

4. Jikin fara daga ciki

Fara ba ta da huhu, ba ta kuma shaƙar iska ta kai. A gefen jikinta akwai ƴan huje-huje 10 a dama, 10 a hagu: biyu-biyu a ƙirji, takwas-takwas a sashen ciki. Faransanci na kiransu stigmates. Da mun bi ƙirar ma- daga shaƙa, da mun samu “mashaƙa”, amma ta yi kusa ainun da mashaƙo, sunan cuta. Gara a ce kafofin numfashi. A nan a kula da ƙugiya: kafa huji ce, ƙafa kuwa ta tafiya ce, kuma a darasin ƙwari kalmomin biyu za su riƙa haɗuwa a jimla ɗaya. Mai buga takarda da ya yi sakaci da ƙ zai sa ɗalibi ya karanta cewa fara da ƙafa take numfashi.

Daga kafofin, iska na bin wasu bututai masu rassa, suna ƙara sirancewa har su isa kowace tsoka. Sunansu trachées, kuma ƙamus zai ba da maƙogwaro, domin a jikin mutum kalmar maƙogwaro take nufi. A jikin ƙwaro bututun iska ne. Sanin wannan yana da amfani a aikace: shi ya sa mai ko ruwan sabulu ke kashe ƙananan ƙwari idan ya toshe kafofin, shi ya sa kuma ɗan mai a saman kwatami ke halaka tsutsar sauro, wadda dole ta taso saman ruwa ta sha iska.

Hausawa na cewa neman jini ga fara idan ana neman abu inda babu shi. Karin maganar ta yi gaskiya ta fuska ɗaya: jan jini babu. Amma akwai wani ruwa mai ɗan kore ko rawaya da ya cika jikin, hémolymphe. Yana kai abinci ga sassa, yana kwashe datti, yana yaƙar cuta, sai dai ba ya ɗaukar iskar numfashi, domin bututai sun ɗauke masa wannan aiki. Ba ya kuma bin jijiyoyi rufaffu. Kayan ciki a cikinsa suke jiƙe. Idan muka kira shi jini, ɗalibi zai jingina masa aikin da ba nasa ba, don haka ruwan jiki ya fi. Baƙin ruwan da fara ke tofarwa idan an kama ta kuwa amai ne daga jakar abincinta, kada a haɗa su.

Zuciyar fara doguwar bututu ce kwance a gadon baya, tana tura ruwan jiki daga baya zuwa kai. Igiyar saƙonni kuma, wadda a jikinmu cikin ƙashin baya take, a fara ta ƙasa take bi. Tsarin a kife yake idan an gwada da namu. A nan kalmar jijiya za ta ba mu aiki, domin a Hausa jijiya ce ke ɗaukar jini, jijiya ce ke ɗaure tsoka ga ƙashi, jijiya ce kuma ke kai saƙo. A rubutun kimiyya kada a bar ta ita kaɗai: jijiyar jini, jijiyar tsoka, jijiyar saƙo. A kan igiyar saƙon fara akwai ƙulle-ƙulle, ganglions, kowane ƙulli yana kula da yankinsa. Ƙullin jijiya shi ne sunan da ya dace, kuma shi ne dalilin da ya sa fara ke ci gaba da shure-shure bayan an cire mata kai.

Hanyar abinci ta fi sauƙin suna, domin tsuntsaye sun ba mu aro: bayan jakar abinci akwai ƙundu, inda ake ƙara niƙa abin da aka ci, sa'an nan hanji. Ƙoda kuwa babu. Aikinta wasu siraran zarurruka ne ke yi, suna tace ruwan jiki suna zuba dattin cikin hanji. Sunan masanin Italiya Malpighi aka ba su, wanda ya bayyana su a 1669 cikin nazarinsa na tsutsar siliki. Sunan mutum ba a fassara shi: zaren Malpighi. Dattin a bushe yake fita tare da kashi, babu fitsari, kuma wannan tattalin ruwa na cikin abin da ya sa fara ke rayuwa a hamada.

5. Saɓa, zango da ɗango

Ɓawon jiki ba ya girma. Ƙwaro in zai ƙaru, sai ya gina sabon ɓawo mai laushi ƙarƙashin tsohon, ya tsage tsohon ta gadon baya ya fito, ya kumbura jikinsa da iska kafin sabon ya yi tauri. Faransanci na cewa mue. Ba mu da bukatar ƙirƙira, Hausa na da saɓa, wadda aka fi sani ga maciji. Tsakanin saɓa da saɓa kuwa muna ba da shawarar zango, kalmar fatake: tafiya ce mai masauki sanannu, ana ƙidaya su.

Ga yadda tafiyar take ga farar hamada, Schistocerca gregaria, wadda a ƙasarmu takan hayayyafa a yankunan Tamesna da Ayar bayan ruwan sama. Macen tana miƙa sashen cikinta cikin yashi mai danshi, zurfin santimita 10 zuwa 15, ta zuba ƙwai a dunƙule, ta toshe ramin da kumfa. Idan da zafi, cikin mako 2 ko kusa da haka sai su ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa fara ce ƙarama sak, illa ba ta da fiffike. Takan yi zango 5 a cikin garke, wani lokaci 6 idan ita kaɗai take, cikin kwana 30 zuwa 40, a saɓar ƙarshe kuma fikafikai su buɗe.

Faransanci na kiran wannan ƙaramar fara larve, kalmar da yake amfani da ita ga tsutsar ƙuda ma. Wanda ya juya ta da tsutsa ya ɓata zance, domin ba manomin da zai ga abu mai ƙafa 6 yana tsalle ya kira shi tsutsa. Hausa ta fi Faransanci daidaito a nan, tana da ɗango. Sai dai gidajen rediyo sun saba cewa “farin ɗango” ga garken fara gaba ɗaya, har da masu tashi, ta haka ma'anar ta faɗaɗa. A aji da cikin rahoto ya kamata a mayar da kalmar gurbinta: ɗango shi ne wanda bai yi fiffike ba. Bambancin ba na ado ba ne. Ɗango ba ya tashi, ana iya cim masa a ƙasa. Akwai kuma magungunan da aikinsu hana sabon ɓawo ƙulluwa ne. Suna kashe ɗango a lokacin saɓa, amma ba sa yi wa mai fiffike kome, domin ya gama saɓa har abada.

Wannan gaskiya, cewa fiffike alamar zangon ƙarshe ce, tana ɓoye cikin karin maganar da ke cewa in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Tururuwa masu fiffike su ne masu fita barbara, kuma mazansu ba sa daɗewa bayanta. Amma yin fiffike ba shi ne balaga ba. Farar garke da ta gama saɓa ja-ja take, tana ci tana tafiya mai nisa, ba ta zuba ƙwai. Sai ta koma rawaya sa'an nan ta balaga. Muna bukatar kalma biyu: cikakkiya ga wadda ta yi fiffike, wato imago, baliga ga wadda ta isa haihuwa. Rahoton da ya ce an ga baligai yana nufin a nemi ƙwai a ƙasar wurin.

6. Rikiɗa da matsalar tsutsa

Métamorphose na da takwara a Hausa: rikiɗa. Gaskiya kalmar na da ƙamshin tatsuniya, inda mutum ke rikiɗa ya zama kura, amma ma'anarta ta canjin siffa daga wannan zuwa waccan ita ce ake bukata. Irin ta fara, inda ƙarami ya yi kama da babba, ragaggiyar rikiɗa ce: ƙwai, ɗango, cikakkiya. Haka kyankyaso, gyare da gara suke girma. Irin ta sauro, ƙuda, ƙudan zuma, buzuzu da malam-buɗe-littafi kuwa cikakkiyar rikiɗa ce, mai mataki 4.

Mataki na biyu a cikinsu tsutsa ce, kuma a nan kalmar ta dace da abin da ido ke gani. Matsalar ita ce tsutsa a Hausa ta haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka ta kusa. Tsutsar nama, gwazarma da tsutsar ganye ƴaƴan ƙwari ne, gobe za su yi fiffike. Tana, matsattsaku, kurkunu da tsutsar ciki kuwa haka za su rayu su mutu. A rubutu sai a ce tsutsar ƙwaro ga na farko, tsutsa ta asali ga na biyu.

Mataki na uku shi ne wanda ba mu da sananniyar kalma gare shi, wataƙila domin yawanci a ɓoye yake aukuwa. Tsutsa ta daina ci, ta rufe kanta, a ciki a rushe yawancin jikinta a gina sabo. Faransanci na cewa nymphe, ko chrysalide ga dangin malam-buɗe-littafi. A yi hattara: Ingilishi na da kalma mai kusan wannan siffa, amma ɗango take nufi. Ɗalibin da ke haɗa littattafan Najeriya da na Nijar zai iya rikita matakan biyu. Shawararmu ita ce ƙunshi. Mai ƙunshi takan naɗe hannu ta zauna ba aiki, in an kwance sai a ga hannun ya canja. Kalmar gajeriya ce, tana karɓar mahaɗi ba tare da ruɗu ba: ƙunshin ƙuda, ƙunshin sauro. Ba mu zaɓi kalma mai nufin barci ko kwanciya ba, domin ƙunshin sauro yana iyo cikin ruwa. Abin da ya haɗa su duka shi ne rashin ci da sake gini.

Amfanin wannan kalma ya fito fili a gonar hatsi. Tsutsar da ke cin zangarniyar gero tana barin zane mai murɗiya, wadda manoma da yawa ke kira murzuna, ƴar wani malam-buɗe-littafi ce na dare, Heliocheilus albipunctella. Idan ta ƙoshi sai ta sauka ta shiga ƙasa ta zama ƙunshi, ta kwana nan rani duka, sai damina ta kama cikakken ƙwaron ya fito ya zuba ƙwai a kan sabuwar zangarniya. Wannan tsayawar girma ta tsawon watanni, diapause, ana iya kiranta jiran damina. Manomin da aka yi wa wannan bayani da harshensa zai gane cewa tsutsar bana da ƙwaron baɗi abu ɗaya ne, zai kuma fahimci dalilin da ya sa masu binciken noma ke sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ƴaƴansa ke cinye tsutsar kafin ta shiga ƙasa.

7. Fara ɗaya, hali biyu

Akwai wani canji da ba rikiɗa ba ne, kuma bai kamata a ba shi sunanta ba. Farar hamada idan tana warwatse, ɗangonta kore ne, cikakkiyar kuma ruwan ƙasa, tana gudun ƴan uwanta, da dare take tashi. Idan ciyawa ta soma bushewa suka matsu wuri ɗaya, gogayyar cinyoyinsu na baya takan tayar da sinadarin serotonin a jijiyoyin saƙo, cikin ƴan sa'o'i su soma neman juna. A hankali launi da siffa su bi: ɗango ya zama baƙi da rawaya. Da can an ɗauka nau'i biyu ne a dangin fara, har Boris Uvarov ya nuna a 1921 cewa nau'i ɗaya ne mai fuska biyu. Faransanci na cewa phase solitaire da phase grégaire. Kalmar phase za ta ja mai fassara zuwa “mataki” ko “zango”, alhali ba mataki ne na girma ba, fara na iya haihuwa ta mutu ba ta taɓa shiga garke ba. Hali ya fi: halin kaɗaici da halin garke.

8. Taƙaitaccen jeri

cuticule: ɓawon jiki
segment: gaɓa
antenne: mashinshini
abdomen: sashen ciki
stigmate: kafar numfashi
trachée: bututun iska
hémolymphe: ruwan jiki
ganglion: ƙullin jijiya
mue: saɓa
stade: zango
larve: ɗango ga fara, tsutsar ƙwaro ga masu cikakkiyar rikiɗa
nymphe: ƙunshi
imago: cikakke, cikakkiya
diapause: jiran damina
phase: hali

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da gwaji uku da kowace sabuwar kalma ya kamata ta tsallake. Na farko, a bincika ko harshen ya riga ya tanadi kalmar. Saɓa, ɗango, ƙundu da gaɓa duk muna da su, tsofaffin ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 da bakin manoma kuma cike suke da irinsu. Na biyu, a gwada kalmar da jikin ƙwaron: jini, maƙogwaro da tsutsa sun faɗi a nan, duk da ƙamus ya ba su gaskiya. Na uku, a sa ta cikin jimla a rubuce, da mahaɗi da jam'i, a ga ko za ta yi karo da wata. A nan mara da mashaƙa suka faɗi.

Kalmomin da muka ƙirƙira shawara ce, masu amfani da su ne za su tabbatar da su ko su watsar. Ga aikin da muke ba ɗaliban sashen harshe a hutu mai zuwa: kowa ya haɗa kai da ɗalibi ɗaya na ilimin halittu, su zaɓi ƙwaro guda da ake gani a garinsu, su tambayi manoma, makiyaya da mata masu sayar da fara sunan da suke ba kowane mataki na girmansa da kowane sashe na jikinsa. A rubuta kalmar da karin sautinta, jinsinta, jam'inta, garin da aka ji ta da jimla ɗaya da aka yi amfani da ita, shi kuma ɗalibin halittu ya tabbatar da abin da kalmar take nunawa a jikin ƙwaron. Abin da Gobir ta rasa wataƙila Adar ko Damagaram na da shi, kuma idan wani ya dawo da kalmar gargajiya da ta fi ƙunshi dacewa, ita za a ɗauka.